Valdemar da Shuɗin Tayil na Porto

Lahadi, 8 ga Oktoba

Gobe za mu tashi. 'Yarmu Jucélia ta zo taya ni haɗa kaya, tana ta mita wai na cika akwati da garin rogo kamar masu zuwa ƙasar yunwa. Ubanta ba ya cin abinci ba gari, ita ma ta sani.

Ita da mijinta suka biya mana tafiyar. Tun muna saurayi da budurwa mijina Valdemar yake cewa sai ya je birnin Porto, can ƙetaren teku, ya ga asalin irin tayil ɗin da ke jikin tsofaffin gidajenmu na garinmu São Luís. Aikinsa ke nan har ya tsufa: ya cire fasassu, ya liƙa wasu. To, ga shi Allah ya kawo.

Na sa maganin ɗigawarsa na ido a jakar hannu. Ya ce likita ya ce ciwon idon ya tsaya, bai ƙaru ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Mun iso. Ƙafafuna sun kumbura. Mutanen nan yarenmu suke yi, amma suna haɗiye rabin kalma, sai na ce "na'am?" su maimaita.

Laraba, 11 ga Oktoba

Tashar jirgin ƙasa muka fara zuwa, wadda yake da hotonta a kalandar shagonsa shekara da shekaru. Bango duk zanen tayil, shuɗi da fari, tun daga ƙasa har rufi. Na saki baki. Shi kuwa ya cire hula kamar ya shiga coci.

Ya nuna da yatsa: "Zuleide, kin ga shanun nan da amalankensu? Dubi ƙahon!"

Na duba. Babu ko saniya ɗaya a wurin. Mayaƙa ne a kan dawakai, riƙe da masu. Shanun suna wani ɓangaren dabam.

Na yi dariya na ce, "Kai tsoho, yaushe doki ya fitar da ƙaho?" Shi ma ya yi dariya, ya ce gwada ni yake yi. Amma ya mayar da hularsa, ya ce mu tafi, wurin ya cika da mutane. Mutumin da ya ƙetaro teku saboda bangon nan.

A bakin ƙofa ya yi tuntuɓe da matakala.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Da safe ya miƙa hannu zai ɗauki gahawarsa, hannun ya wuce kofin. Na tura masa kusa kamar ina gyara faranti. Ban ci komai ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

A bakin kogi, ƙarƙashin babbar gadar ƙarfe, na kasa riƙewa. Na ce, "Valdemar, wace kalar riga ce a jikina?"

Ya ce, "Ke kuma da wace irin tambaya."

"Faɗa min."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, yana karkata kai kamar kaza. Ya daɗe. Sai ya ce kore. Ruwan ƙasa ce.

Daga nan ya faɗa. Idon hagu ya tafi tun lokacin bukukuwan watan Yuni. Na dama kamar mai leƙe ta cikin bututu, shi ma hazo-hazo. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya yake. Ni kuwa da na ga yana karo da kujeru a gida, na zaci ya koma shan giya a ɓoye, har rigunansa nake sansanawa.

Na ce me ya sa ya ɓoye mana. Ya ce, "Da na faɗa, da Jucélia ta soke tafiyar ta zaunar da ni a layin asibiti. Na ɗauka zan riski bangon da ɗan abin da ya rage."

"Ka riske shi?"

"Shuɗi na gani, tsohuwa. Shuɗi kawai."

Na yi masa faɗa a gaban Turawa masu ɗaukar hoto. Ban ma tuna duk abin da na ce ba. Da za mu hau tudu mu koma masauki na kama hannunsa, ya fizge. Ya ce bai aure ni don in zama 'yar jagora ba. Haka muka hau, shi a gaba yana shafa bango, ni a baya na buɗe hannuwa kamar mai bin yaron da ke koyon tafiya.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Ya kwanta ya juya wa taga baya. Jucélia ta kira tana murna, "Baba ya ga tayil ɗinsa?" Na ce ya gani. Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Shi ya ce mu fita. Akwai wani ƙaramin coci a kan titin kasuwa da tayil ɗinsa ke waje, dab da masu wucewa, hannu yana kaiwa. Ya ɗora tafinsa a kai. Ya bi layin da ke tsakaninsu da farce, ya ƙwanƙwasa ɗaya da bayan yatsa, ya kasa kunne. Ya ce wannan ya saki daga ciki, damina mai zuwa zai faɗo, kuma ba shi zai gyara ba.

Can ya ce, "Me aka zana a nan sama?"

Na ce, "Wani mutum ne."

"Wane irin mutum?"

"Mutum dai. Da riga."

"Haba Zuleide! Tunda na aure ki bakinki bai huta ba, yau da nake buƙatarsa sai ki ce min mutum da riga?"

Na ji haushi, na tsaya na duba da kyau. Ni tela ce, riga na sani. Na ce doguwa ce mai kauri irin ta 'yan zuhudu, an ɗaure ƙugu da igiya, ta yi tattara a gwiwa saboda ya durƙusa, hannun rigar ya zame har an ga tsintsiyar hannunsa, siririya, kamar wanda ya yi jinya. Ya ɗaga kai sama, bakinsa a ɗan buɗe.

Valdemar ya ce, "Sai kuma me?"

Muka bi bangon nan har ƙarshensa. Mutane suna ratsa mu da ledojin cefane. Wata tsohuwa ta tsaya tana saurare, ta ce ta tsufa a unguwar ba ta taɓa lura da igiyar ba. Hawaye yana bin gemun Valdemar, bai share ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Da za mu tsallaka titi na ji nauyin hannu a kafaɗata. Ban juya ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Gida. Ya faɗa wa Jucélia maganar idonsa da bakinsa. Ta durƙusa ta kifa kai a cinyarsa, shi yake lallashinta.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Likita ya ƙara wani magani. Bai yi mana alkawarin komai ba. Valdemar ya ba wa tsohon abokin aikinsa Josué kayan aikinsa duka, har da cokalin siminti da ya gada wurin ubansa. Bayan Josué ya tafi ya zauna a baranda har rana ta faɗi, fuskarsa wajen titi.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na je kasuwa sayen busasshen jatan lande. A bakin ruwa wani jirgin masunta yana shigowa, filafilinsa, wato ƙyallen da iska ke turawa, ja ne amma an yi masa faci da yadi ruwan ɗorawa, ɗinkin ma a karkace, da zare baƙi. Na tsaya ina kallo, ina jera yadda zan kwatanta wa Valdemar. Wai ni ce har da motsa baki ni kaɗai a titi. Motar unguwarmu ta zo ta wuce ban sani ba.

Da na dawo ya ce me ya tsayar da ni. Na ce layi ne a kasuwa.

Sai da na ɗora shinkafa na jawo kujera kusa da tasa, na fara da jan ƙyallen jirgin.