Ekar Talatin a Bakin Kogi

Alabama, 4 ga Maris

Yaya Odessa,

Bayan gaisuwa, da fatan sanyin Chicago bai gama da gwiwoyinki ba. Mu nan lafiya.

Tsoho Whitlock ya mutu. 'Yarsa Marian, wadda Mama ta yi wa goyo lokacin da take dafa musu abinci, ta dawo ta gaji gonar tare da wanta Dale. Ran Lahadi sai ga ta a cocinmu, ita kaɗai farar fata, ta zauna can baya. Da aka gama ta miƙe, wai tana neman gafara saboda kakanninta sun riƙe namu bayi. Ta miƙa wa fasto makullin shingen da ya kewaye maƙabartar bayin, ta ce mu riƙa shiga duk sa'ad da muka so. Mata suka yi ta rungumar ta. Ni dai na ɗauki hulata na fita. Shekara ɗari da hamsin, abin da ya samu shi ne makulli?

Ke ce babba. Me kika ce?

Ƙaninki,
Lucius

Chicago, 15 ga Maris

Zuwa ga Marian Whitlock,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar mahaifinki. Ni ce Odessa Pettiford, 'yar Corine. Mun yi wasa tare a bayan kicin har kika cika bakwai, aka ce ya isa.

Na gode da makullin. Amma zan faɗa miki gaskiya: matattunmu ba su bukatar komai, rayayyu ne ke bukata. Bayan an 'yanta bayi, kakan mahaifinmu ya yi shekara sha tara yana noman auduga kafin ya sayi eka talatin a bakin kogi. A 1938 filin ya koma hannun kakanki. An ce kakanmu Amos ne ya sayar. Har ya mutu yana cewa bai sayar ba, kuma ba kotun da za ta saurari baƙin mutum a lokacin. Amos ne magatakardan coci, rubutunsa kamar an buga da inji. Ki je ofishin gunduma ki nemi takardar, ki duba yadda aka sa hannu.

Ba faɗa nake nema ba. So nake ki gani da idonki.

Da girmamawa,
Odessa Pettiford

Alabama, 9 ga Afrilu

Odessa,

Gaisuwa mai yawa. Na tuna ki sarai, ke kika koya min kama tarwaɗa da hannu.

Wasiƙarki ta ɓata min rai, ba zan ɓoye ba. Kwana biyar ina yi wa kaina bayani: ban taɓa mallakar bawa ba, ban ƙwace filin kowa ba, da gumina na yi karatu. A na shida na je ofishin. Ma'aikaciyar ta fito da littafin. A wurin sunan Amos Pettiford babu sa hannu, sai alamar kuros irin ta wanda bai iya rubutu ba. Shaidu biyu kuma ƙanin kakana ne da surukinsa.

Da kuɗin itatuwan wannan filin Baba ya tura ni jami'a. Shi ya sha faɗa min da bakinsa, yana alfahari.

Na nuna wa Dale. Ya ce, "To sai me? Mu rushe gunduma duka mu sake rabo? Ni ma da ciwon baya na riƙe gonar nan." Na ce ban san na gunduma ba, na san na gidanmu. Ya daina yi min magana.

Rabin filin ne nawa, eka sha biyar. Lauya ya shirya takarda da sunanki da na Lucius. Ba kyauta ba ce. Ɗaya rabin ba ni da iko da shi.

Taki,
Marian

Chicago, 20 ga Afrilu

Lucius, ƙanena mai taurin kai,

Ina gaishe ka da iyali. Na ji saƙonka ta bakin matarka: wai rabi cin fuska ne, ko duka ko a bari, kuma gwamnati ce ya kamata ta biya baƙar fata duka, ba wata mata mai neman kwanciyar rai ba.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Eka sha biyar ba ta biyan bulala ɗaya da aka yi wa kakanninmu. Amma tun ina 'yar makaranta ake cewa gwamnati za ta duba maganar, yanzu shekarata saba'in da uku. Za mu ci gaba da nema. Kafin nan, jikarka da ta karanta aikin gona tana hayar gonar wasu. Ka duba idonta ka ce mata ka ƙi filin Amos don zuciya.

Kuma matar nan ta rasa ɗan'uwanta a kan wannan. Ba sai ka rungume ta ba. Ka dai je ka sa hannu, da cikakken sunanka.

Yayarka mai ƙaunarka duk da halinka,
Odessa

Alabama, 6 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Na sa hannu.

Jiya muna kafa turakun iyaka da jikata sai ga Dale a motarsa. Ya daɗe yana kallonmu, ko gaisuwa babu. Can ya sauke gilas ya ce, "Kada ku shuka a kwarin can, ruwa na kwanciya. Akwai tsohuwar magudana, sai an yashe ta."

Na ce, "Na sani. Kakana ya haƙa ta."

Sai ya ce yana da injin haƙa, zai kawo ran Asabar.

Ki zo kafin a fara shuka. Ki taho da takalmin taɓo.

Lucius