Takardar Sigari a Gurbin Fiyus

Abdulsamad,

Na shigo kana barci, ban tashe ka ba don raina a ɓace yake. Jiya bayan magariba fitilun motar suka ɗauke mini a hanyar Bulkachuwa, na banke wani dattijo mai keke, Malam Jalo. Ƙafarsa ta karye. Ifeanyichukwu mai gyaran wayoyin mota ya duba, ya tarar ka naɗa takardar kwalin sigari a gurbin fiyus, wayoyin duk sun narke. Sau uku fiyus yana ƙonewa, sau uku ina ce maka wata waya ce ke taɓa bodi, ka kai a duba.

Ka same ni asibiti, ka dubi idon iyalin Malam Jalo da kanka. Ƙafar mutum ba a haɗa ta da takardar sigari.

Yayanka, Gali