Wa Zan Bar wa Randar Dusa?

Malama Tsuneko, ki taimaka min da shawara, don na rasa wanda zan tambaya. Kada hankalinki ya tashi, ba wata babbar magana ba ce. Maganar randa ce.

Ina da randar dusar shinkafa, irin wadda muke binne kokwamba da gauta a ciki su tsumu. Ta surukata ce, ita ma a wurin tata surukar ta gada. Kin san halin abar, kullum sai an sa hannu an juya ta har ƙasa, in aka yi sakaci ta yi fushi ta ruɓe. Tun ina amarya nake juya ta. Yanzu so nake in bayar, amma ba mai karɓar komai daga hannuna.

Ga yadda aka yi. Bara 'yata Chizuru ta haihu a Tokyo, na je taya ta jego. Na dawo da tsaraba, na dawo da korona. Ni ce ta farko a ƙauyenmu. Sanarwar hukuma ba ta kama suna ba, cewa kawai aka yi wata dattijuwa da ta je Tokyo, a ƙauyen da ko takalmi ka canza sai an sani.

Kafin zazzaɓin ya bayyana, na shiga shan shayi wurin maƙwabciyata Iya Kinue kamar yadda muka saba, na kai mata tsaraba da kokwambar randa. Kullum sai ta ce gishirina ya yi yawa, tana faɗa tana miƙo hannu ta ƙara. Na cire takunkumi, tunda ba a shan shayi da shi. Ni na warke. Ita aka kai ta asibiti, ta rasu a can, aka ƙona gawar kamar yadda ake yi a nan, tokarta ce ta dawo. Likita ya ce ba a san inda ta ɗauka ba, don tana yawan zuwa birni gashin gwiwa. To likita ne, dole ya faɗi abin da zai kwantar wa mutum da hankali.

Da aka sallame ni na sayi kwalin kayan zaƙi mai kyau, na sa baƙaƙen kaya, na je gidan Iya Kinue ba da haƙuri. Na rusuna a bakin ƙofa har bayana ya ƙage. Matar ɗanta, Sachie, tana ciki, ina jin motsinta. Ba ta buɗe ba. Na ajiye kwalin na dawo.

Tun daga nan ba na fita sai zubar da shara. Matan da muke shayi tare, da sun hango ni sai su tuna sun bar abu a kan wuta. Da lokacin dashen shinkafa ya zo, masu taya maigidana Shozo duk bayansu ya yi ciwo a rana ɗaya. Ya yi dashensa shi kaɗai. Shi dama kalma uku ya sani: abinci, wanka, barci. Chizuru kuwa in ta bugo waya kuka take, wai ita ta jawo, sai na daina ɗauka. Barci ya ƙaurace min, abinci ma turawa kawai nake.

Zan faɗa miki kai tsaye tunda ba ki san ni ba. Na duba ta ko'ina, na ga in ba ni a duniya kowa zai sarara. Shozo zai samu mataya, Chizuru za ta sauke nauyi, gidan Iya Kinue su huta da ganina. Ba kuka nake ba fa. Tunanin yana zuwa ne kamar yadda mutum ke tuna ranar kwashe shara. Kuma ba na son barin wa kowa aiki, shi ya sa na wanke labulaye, na ɗinke safunan Shozo, na fara koya masa tukunyar shinkafa ta lantarki. Nan na ga abin mamaki. Mutumin da ya tsufa yana noman shinkafa, kullum sai ya cika ruwa ta fito kamar kunu, ya ce in sake nuna masa gobe.

Saura randa, sai kuma kwando. Kwanan nan na buɗe ƙofa na tarar da kwandon gorar Iya Kinue, mai jan ƙyalle a hannu, cike da kokwambar lambunta, an wanke an jera. Ba sallama, ba komai. Na gane saƙon Sachie: ga amfanin lambun da kika raba ta da shi. Na dai binne su a randa, don zubar da abinci ba kyau. Amma ba a mayar da kwando wayam, ni kuma wa zai ci abin hannuna? To Malama, wa zan bar wa randar, kuma yaya zan mayar da kwandon ba tare da na ƙara ɓata wa kowa rai ba?

Mai Randa, daga duwatsun Yamagata

'Yar'uwa Mai Randa,

Kin ce kada hankalina ya tashi. Ya tashi. Randa kika tambaya, amma abin da kika gaya min shi ne kina tunanin kashe kanki, har kin fara kintsa gida. Gara da kika faɗa, kuma daga nan za mu fara.

Yau ɗin nan ki zaunar da Shozo ki gaya masa abin da kika rubuto min, yadda kika rubuta shi. In akwai abin da kika tanada don wannan, ki danƙa masa. Ku je wurin likita tare. In kunyar na ƙauyenku kike ji, ku shiga birni, kuma ga lambar wayar masu sauraron waɗanda ke cikin damuwa a ƙasan shafin nan, ba sa tambayar suna. Duk lokacin da tunanin ya matsa, kada ki zauna ke kaɗai.

Shekara guda kina ɗauke da jin laifi da kunya, ba barci, ba abokin hira. Zuciyar da ta gaji haka ƙarya ɗaya take maimaitawa, cewa mai ita nauyi ne a kan mutane. Rashin kukan da kike faɗa ba shaidar kin yi tunani mai kyau ba ce, yana cikin ciwon. Kuma ciwo ne mai magani.

Ba zan wanke ƙauyenku ba. Masu ciwon bayan rana ɗaya da masu abu a kan wuta tsoro ne ya kama su, amma sun yi abin kunya. Ba kuma zan rantse miki kan inda Iya Kinue ta ɗauki cutar ba. Ba wanda ya sani, har ke. Abin da na sani, tsaraba kika je kai mata. Chizuru kuwa, in kin tafi ba sauke nauyin za ta yi ba, da shi za ta reni jaririn nan har ta tsufa. Ki ɗauki wayarta, ku yi kukan tare.

Shozo ya san ruwan shinkafa fiye da ni da ke. Ya ga labulaye a kan igiya, ya gane. Bakinsa ne ba shi da kalma ta huɗu, shi ya sa yake roƙon ki sake nuna masa gobe, don ki kai goben.

Zuciyar Sachie ban san ta ba. Ranar da ta ƙi buɗe ƙofa, ko fushi ne, ko kuka ne ya hana ta, kuma tana da haƙƙin kowanne. Amma ita ma 'yar ƙauyen ce. Da gori take son yi miki, da leda ta ishe ta. Sai ta zaɓi kwandon da ta san dole ki dawo da shi da ƙafarki, da abu a ciki. Obon ya ƙarato, lokacin da ake ajiye wa mamaci abin da ya fi so a gaban hotonsa. Ki tuna me Iya Kinue take miƙa wa hannu in kuna shayi.

Don haka ba ni da wanda zan ce ki bar wa randa. Likita tukuna. Bayan nan ki ciro kokwambar, ki cika kwandon, Shozo ya raka ki, ki ƙwanƙwasa. In an buɗe, ki shiga ki kunna wa Iya Kinue turare. In ba a buɗe ba, ki ajiye ki dawo gida, washegari ki sa hannu ki juya randarki.

Ina miki fatan sauƙi da barci mai nauyi. Shi kuma Shozo, ina masa fatan kada ya taɓa iya tukunyar nan.

Tsuneko