Keken da na sa taubashiyata ta ƙi hawa

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu na kusa da na nesa. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe. Zagin da na yi wa kaina a 'yan kwanakin nan, da za a zuba shi a buhu, sai ya cika shagona har ya tare titi.

Ni haifaffen Makka ne, kakanmu ne ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Ina zaune a unguwar Rusaifa, ina da ɗan shagon dadduma da carbi a unguwar Misfala, na haura hamsin. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutu. In na ga kyanwa a hanya, kafin in isa gida ta zama zaki. Ko gidan makoki na shiga sai an roƙe ni in koma waje, don kada masu kuka su yi dariya. Da wannan bakin na tara jama'a, kuma da shi na kayar da taubashiyata.

Zan kira ta Hadiza, ba shi ne sunanta ba. 'Yar Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, kun ga kenan akwai wasa tsakaninmu tun muna tsirara. Kun san yadda wasan taubasai yake: ka faɗi abin da ka ga dama, ita ma ta rama, kuma babu wanda ke da ikon yin fushi, wanda ya ɓata rai shi ne abin dariya. Tana yarinya siririya ce kamar tsinken tsire, ina ce mata in iska ta taso daga Arfa ta riƙe ƙofa, ita kuma ta ce kunnuwana sun isa a shanya wanki. Sai ta auri wani ɗalibi ɗan Nijeriya, aiki ya kai shi Amurka, ta bi shi. Shekaru suka tafi, sai dai murya a waya.

Bana ta zo umra da 'yarta Nusaiba, budurwa mai hankali wadda Hausarta ke ɗingishi. Da muka je tarbarsu Jidda, wallahi na wuce Hadiza ban gane ta ba. Ta ninka yadda na san ta, tana tafe tana dafa akwati, tana haki. Me ya kamata mai hankali ya ce? Sannu da hanya, ko ba haka ba? Ni kuwa sai na buɗe baki na ce, “La ilaha! Mu da muka aika mutum ɗaya, Amurka ta dawo mana da unguwa guda? Jirgin da ya kawo ki yana nan da ransa?” Ta kwashe da dariya ta ce, “Kai kuma har yanzu kunnuwan nan ba su yi ritaya ba?” Kowa ya dara, ni kuma na ga kasuwata ta buɗe.

A gidan Gwaggo, muna shan shayi, ta ɗan yi mini bayani ba da wasa ba. Ta ce, “Taubashi, ka san a can ni ba a ma kallona? A unguwarmu ni matsakaiciya ce. In na shiga kanti, kayan da ke daidai da ni su ne a sahun gaba. Matan da muka fara aiki tare, duk haka muka zama, ɗaya bayan ɗaya. Daga mota sai kujera, daga kujera sai mota, sanyi ya kulle ka a ɗaki wata da watanni, abinci mai araha kuwa duk mai ne da sukari. Ban san ranar da abin ya hau ni ba, na dai farka na ji gwiwoyina sun daina gaisawa da ni.” Ta ce ga ciwon suga, likita ya ce kada ta yi doguwar tafiya a tsaye. Jama'a, mace tana buɗe mini cikinta, ni kuma ina can ina auna barkwancin da zan ɗora. Na ce, “Ai na ji labari, kofin lemonku ma a can sai da tsani ake leƙa shi.” Ta yi murmushi ta sauya magana.

Ranar umra muka fita da safe. A harabar Harami Nusaiba ta je ta samo arabiya, irin keken nan da ake tura marasa ƙarfi, da wani saurayi mai turawa. Ta matsa gefe tana gyara jaka, ni kuma na raɓo kusa da Hadiza na rage murya na ce, “Hajiya Amurka, ki ji tausayin bawan Allah nan, yana da iyaye. Kina zama tayoyin za su yi kalmar shahada, mutanen bene su ɗauka gini ake rushewa.” Babu wanda ya ji sai ni da ita. Ta kalli keken, ta kalli saurayin, ta kalle ni. Ta yi dariya, amma irin wadda ba ta kai ido ba, ta ce, “Za ka ga aiki yau.” Sannan ta juya ga 'yarta ta ce, “Mayar masa, da ƙafata zan yi.” Yarinyar ta ce, “Mama, likita fa ya ce...” Ta ce, “Khalas, na gama magana.” Ni kuwa? Na tsaya kamar turke. Kalma ɗaya ta isa, in ce wasa nake yi, hau abinki. Ban faɗa ba. Me ya hana ni? Ina ganin ai taubashi ba ya janye wasansa.

Ta yi ɗawafi da ƙafarta, tana jan jiki, gumi har ya jiƙa mayafinta. Na ga tana cije leɓe, na kawar da kai. A tsakiyar Safa da Marwa gwiwar ta ƙi ɗaukarta, ta zube a ƙasa, ƙarar da ta yi har yanzu tana cikin kunnuwan nan da take tsokana. Ma'aikata suka zo suka ɗauke ta, a kan me? A kan keke. A mustashfa, wato asibiti, aka ce jijiyar gwiwa ta tsinke, sai an yi aiki in ta koma can.

Yanzu tana kwance a ɗakin Gwaggo. Kuma ga abin da ke cin raina: laifin gaba ɗaya an jibga wa Nusaiba. Gwaggo ba ta gajiya da faɗa: “Ke wace irin 'ya ce? Kin san ciwon uwarki, keke yana hannunki kika mayar? Haka ake tarbiyya a can?” Yarinyar ba ta da Hausar kare kanta, sai hawaye. Shekaranjiya ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, “Kawu, ni na yi laifi ko? Da na dage...” Ni da nake iya magana daga asuba zuwa isha ba tare da na haɗiye yawu ba, sai na ce mata, “Ƙaddara ce, 'yata.” Ƙaddara! Ƙaddarar tana tsaye a gabanta da jallabiya.

Hadiza kuwa ba ta tona ni ba. Tana ce wa Gwaggo ita ta ƙi da kanta, Gwaggo ta ce rufa wa 'yarta asiri take yi. Da na shiga duba ta, na kasa haɗa ido da ita, sai ta ce, “Taubashi, yau babu labari? Ai na ba ka wanda za ka shekara kana bayarwa a Misfala: ranar da Amurka ta faɗi a Marwa.” Ta yi dariya ita kaɗai. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na fito na zauna a mota na yi kuka kamar an ƙwace mini nono.

Kuma maganar ba ta ƙare ba. Ba ta ƙarasa sa'ayinta ba, har yau tana cikin ihrami. Malamin da aka tambaya ya ce ta je a tura ta a keke ta cika, ta rage gashi, shi kenan. Ta ce ba za ta hau ba. Gwaggo ta roƙa, mijinta ya roƙa ta waya, ta ce ita dai sai ƙafa ta warke. Wace ƙafa? Ranar komawarsu ta matso. Mace ta yi shekaru tana mafarkin wannan umra, za ta tafi da ita a rabe, kowa na cewa taurin kai ne, ni kaɗai na san muryar wa take ji in ta kalli tayoyin nan.

Na yi tunanin in je gaban Gwaggo in faɗi gaskiya, in wanke yarinyar. Amma in na faɗa, dole in maimaita maganar a gaban kowa, in sake tsiraita Hadiza da abin da ta zaɓi ta binne. Na yi tunanin in same ta ita kaɗai in ce ta yafe mini, amma na san ta, za ta ce, “Haba, taubashi yana ba da haƙuri? Wasa ne ai,” ta rufe ƙofar da dariya, kamar yadda ni na koya mata. Jiya har na aro keke a wurin maƙwabcinmu, na ce ni zan tura ta da hannuna daga Safa har Marwa, ko bayana zai karye. Na kai shi ƙofar gidan Gwaggo, na ji muryarta daga ciki, sai na kasa sauke shi. Yana nan a bayan motata, duk inda na taka birki sai ya yi ƙara.

Ban taɓa yi mata magana ba tare da wasa ba, ko sau ɗaya a rayuwata, kuma ban san ta inda ake farawa ba. Don Allah jama'a, kafin jirginsu ya tashi, me zan yi?