Tagar da Na Buɗe wa Mama

Yaya Narcisa,

Ƙaninki ne ke gaishe ki, yana roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Efraín da 'yarmu Maribel. Yaya garin Murcia, yaya aikin gonar mutane? Allah ya ƙara ƙarfin baya. Mu nan raken da Baba ya bari ya yi kyau bana, dutsen nan mai aman wuta ma ya yi shiru, bai watso mana toka ba tun Ista. Da ma a ce labarin ya tsaya nan.

Kin san Mama da ruwan zafin Uwa Maryamu. Duk Alhamis sai ta sauka Baños ta jiƙa gwiwoyinta. Wancan makon na raka ta, da ni da Gwaggo Eulalia. Ta daɗe a tafkin nan da ya fi zafi, wanda ko ƙwai aka jefa sai ya dahu. Da ta fito Gwaggo ta naɗe ta yadda aka saba, bargo, hular ulu, har da gyale a baki kada iska ta shige ta. Muka hau bas mai bin hanyar Puyo, cike da waɗanda suka fito wanka, kowace taga a rufe gam, gilashi na zubar da gumi.

Ba mu kai ramin dutse na farko da titin ke ratsawa ba sai na ji kan Mama ya faɗo a kafaɗata, da wani irin nauyi wanda ba na barci ba. Na kira ta, shiru. Leɓenta ya yi fari. Na yi wa direba ihu ya tsaya, ya ce in duba hanyar tukuna, hagu dutse, dama kwazazzabon kogin Pastaza, kuma tsofaffi kullum gyangyaɗi suke bayan wanka. Na taɓa karantawa a wani tsohon littafin lafiya da na saya a bakin kasuwa cewa zafi yana sa jini ya gudu daga kai. Sai na miƙa hannu ga taga. Motar nan gaba ɗaya ta taso mini. Wani mai gashin baki ya ce ga likitan da bai gama firamare ba. Wata ta rufe jaririnta da zane tana cewa zan karkace musu baki duka. Gwaggo ta kafa mini farce a hannu, tana rantsuwa zan kashe 'yar'uwarta. Na ce mata ita ce ta ƙunshe uwata kamar alalen masara ta ɗora a tukunya, na gaya wa mai gashin bakin wata maganar da ba zan rubuta miki ba. Na banke tagar da gwiwar hannu. Iskar kogi ta shigo, Mama ta buɗe ido, ta tambayi ina jakarta.

Washegari da safe shayi yana zuba ta gefen bakinta na hagu. Bakin ya sauka, Yaya. Gwaggo ta yi alamar gicciye, ta ce to ga aikin iskar da na kira. Na ɗauki Mama zuwa asibitin Ambato, mota biyu, ina riƙe da ita ina ƙirga numfashinta a kowace kwana. Likita ta ce hawan jini ne ya taɓa ta kaɗan, tun cikin ruwan abin ya fara, kuma in ta sake shiga ba lallai ta fito da ƙafarta ba. Gwaggo kuwa ta ce abin da sanyi ya karkata zafi ne zai miƙe shi, a koma ruwan Uwa Maryamu. Mama ta yarda da Gwaggo. Yanzu ba ta kiran sunana, sai dai ta ce a ba mai taga abincinsa.

Ni bakina ya riga ya ɓata mini komai, ko gaskiya na faɗa faɗa suke ji. Ke ce Mama take saurara. Don Hermel na garinmu zai taso Murcia jibi, shi zai ba ki wannan hannu da hannu. Ranar da kika karanta, ki buga wayar shagon Doña Piedad, za ta kira miki Mama. Kada ki ce ni na sa ki. Ki ce mafarki kika yi, ta fi jin wannan.

Ki gaishe da Efraín, ki sumbaci Maribel, ki gaida Kawu Arcesio in kun haɗu a coci. Gwaggo ma ta ce a gaishe ki, na isar don ba ni da cin amana.

Alhamis zan tsaya a bakin titi in tsare ta. Amma kin san motocinmu ba su da tasha, duk inda mutum ya ɗaga hannu nan suke tsayawa. Titin yana da tsawo, Yaya, kuma hannunta na dama lafiyarsa ƙalau.

Ƙaninki,
Wilmer