Sunan Mahaifiyata Da Aka Cire Daga Tarihin Nakkasa

Zuwa ga Alhaji Shugaban kwamitin rubuta tarihin Hausawan Makka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gwargwadon girman kujerarka. Sunana Rabi, 'yar Hajiya Kulu mai ruwa. A unguwar Nakkasa aka haife ni, yanzu ina Utaibiyya tun da aka rushe gidanmu. Na karanta ɗan littafin da kuka raba kan yadda mutanenmu suka kafa unguwar, kuma ga abin da na gani.

Na ɗaya. Kwana uku ka yi kana zuwa ɗakinmu a watan Rajab da ya wuce, kana naɗar muryar mahaifiyata a wayarka. Ta gaya maka yadda suka tarar da wurin dutse ne tsirara. Mahaifina da abokansa suka fasa gwangwanaye suka yi rufi, suka jera duwatsu suka tayar da masallaci. Ita da mata 'yan uwanta ke hawa da ruwa a ka daga gindin tsauni, su ne ungozoma, su ne masu wankan gawa. Lokacin aikin Hajji su tafi Arfa girki da shara, su dawo su ƙara ɗaki. Kana ta cewa "Allahu Akbar, Inna" kamar abin ya shige ka.

Na biyu. A littafinka duk waɗannan mutane layi ɗaya suka samu: wai "wasu takari marasa takarda" ne suka fara raɓewa a wurin. Sauran shafukan na kawunka ne, wanda ka naɗa uban unguwa. Alhaji, na san kawunka. Jirgi ya kawo shi, ya tarar da titi da lantarki. A ɗakin mahaifina ya sauka, wata biyu yana cin tuwonmu kafin ya buɗe shago. Iyakar tarihinsa ke nan.

Na uku. Hoto guda gare mu na wancan zamani, ka ara da sunan amana. Ka buga shi, ka rubuta a ƙasa: "wata mai talla." Matar da ka kira Inna ce.

Idonta ya tafi, ni na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko na tsallake shafi. Na ce a'a. Ta ce, "To, wataƙila yaron kunyarmu yake ji."

Gaskiya ta faɗa. Kai da ire-irenka kuna da igama, takardar izinin zama, a aljihu, kuna son tarihi mai farar riga da za ku nuna wa Larabawa a wurin walima. Ba mu da takarda, ban musa ba. Amma gidajen an rushe, tsofaffin suna ƙarewa, abin da ya rage mana sunayensu ne, shi ma ka bi ka share.

Buƙatuna: ka dawo da hoton da hannunka, kada ka aiko direba. Ka ba mu muryar da ka naɗa. Ka daina raba littafin sai an sa sunayen waɗanda suka yi aikin. In ba za ka iya ba, ka canza masa suna zuwa tarihin kawunka, ba wanda zai yi maka gardama.

Allah ya shirye ka, ya ba ka tsawon rai har ka ji yadda wani zai ba da labarinka.

Wassalam.

Rabi 'yar Kulu,
Utaibiyya, Makka.