Gurbin da Ya Rage a Bangon Gabas

Kalgo, ranar Talata, bayan La'asar.

Zuwa ga Rahama, sanyin idona, inuwar tsamiya a tsakiyar ranar bazara, ruwan sabuwar randa, ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari, farin wata a kan fadamar shinkafa, uwar gidana tun gidan bai da ƙofa.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata kina lafiya, ke da baƙuwarmu, da Inna, da duk mutanen gida. Gaisuwar da kika karanta a sama ita ce ta huɗu. A ta farko na kira ki balbela saboda tsabtarki, sai na tuna balbela bayan shanu take bi, na ga abin kaina zai dawo, na soke. A ta biyu na ce zuma, na tuna zuma na tayar miki da ciwon haƙori. Ta uku ba zan faɗa miki ba.

Yau kwana ɗari da saba'in da biyu ke nan da kika hau motar Gwandu da cikin wata takwas, kika tafi haihuwar fari a gaban Inna. An haihu lafiya, an yi suna, an gama wankan jego, arba'in ta zo ta wuce har an manta da ita. An ce yarinya ta fara zama in an tokare ta da matashi. Ni ubanta sau biyar na gan ta, a uku tana barci. Wace irin rayuwa ce wannan, Rahama? Tsuntsayen da ke kan bishiyar bedin ƙofar shagona bibbiyu suke sauka. Ƙadangarun kan katanga ma da iyalansu suke shan hantsi. Ni kaɗai ne a duk faɗin Kalgo nake dafa shinkafa gwangwani ɗaya, ta kwana biyu ba ta ƙare ba!

Ban ga laifin Inna ba. Ta ce ɗiyarta da jikarta ba za su koma ɗakin haya mai yoyo ba, sai na gama nawa, an yaɓe shi ciki da waje, babu tsagar da kunama za ta laɓe. Gaskiya ta faɗa. Kin tuna yammacin nan na watan Agusta, da ruwa ya same mu a tsakar ɗaki kamar ba a taɓa yin rufi ba? Roba bakwai muka jera, da tukunyar miya, da murfin kula. Kina zaune bakin gado da lema a buɗe, ciki ya yi miki nauyi, ni kuma na raɓe a lungu ina rubuta yawan robobin a littafina na kullum. Kika dube ni ta ƙarƙashin lemar nan, idanunki kamar taurari biyu da suka ga abin dariya, kika ce, "Malam, in da rubutu na toshe rufi, da mu ne masu gidan sama a garin nan." Kika yi ta dariya har lemar na rawa. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar ki ba a ranar, kuma ban taɓa jin kunya kamar ta ranar ba.

Bangon dai kin san ya tashi tun bara, a filin da Baba ya bar mini a hanyar Diggi, an ɗora kwano. Yaɓe ne ya tsaya. Sai na gani a waya yadda ake yin sa da tsofaffin takardu, kuma aka ce ɗakin kan yi sanyi, ba ya tsattsagewa. Na dubi buhunan takardun da suka lalace a shagona na fotokofi, tarin shekara shida, na ce ga siminti Allah Ya ajiye mini ban sani ba.

Ga yadda ake yi, don ki bayyana wa Inna, na ji an ce ana faɗa a Gwandu wai da gam nake manna jarida a bango. A yayyaga takarda ƙanana. A jiƙa a ganga kwana bakwai. A daka har ta zama kamar ƙullun tuwo. A kwaɓa da jar ƙasa da farar ƙasa da ɗan siminti da ruwan makuba, sannan a shafa da hannu, a goge da cokalin magina. Shi ke nan. Da lissafina, aikin mako biyar ne.

Abin da ya mayar da mako biyar wata biyar, shi ne nake son ki sani, ya ke tattabarar zuciyata.

Ranar da na cika gangar farko, Malam Jibrin limamin unguwarmu ya biyo ta wurin, ya leƙa, ya tambaye ni ko na duba babu sunan Allah a cikin abin da zan daka in tattake da ƙafa. Rahama, ban duba ba. Allah Ya taimake ni gangar farkon duk darasin lissafi ne da Turanci. Amma daga ranar ban ƙara jiƙa takarda ba sai na karanta ta gaba da baya. Kin san mutanenmu. Wanda zai nemi aikin gadi da Bisimilla yake farawa. Wanda zai kai ƙarar maƙwabcinsa da salati yake rufewa. Ɗalibi ya rasa amsar tambaya, sai ya cike layin da addu'a. Na ɗauko almakashinki na ɗinki ina yanke kowane gurin da sunan Allah ya fito ina tarawa a gwangwanin madara, duk Juma'a in kai wa Malam ya ƙona ya binne a wuri mai tsarki.

Daga nan shakka ta kama ni. Na koma na tambaye shi, sunan mutum irin Abdulrasheed fa? Ya ce in yanke. Na koma, wanda ya rubuta in sha Allahu da kuskuren baƙi fa? Ya ce in yanke. Na koma, in tawadar ta dusashe har ba a gane ko mene ne ba fa? Ya ce in yanke, in kuma daina tare shi a bakin alwala. Yanzu in ya hango ni ta bayan masallaci yake zagayawa.

Matsalar ita ce, ban iya duba takarda sama-sama ba. In na fara sai na kai ƙarshe. Ta haka na san rabin ilimin noman rani. Na san wata rigimar iyakar gona a Wurogauri tun daga kakanni, kuma na san mai gaskiya, sai dai ba wanda ya tambaye ni. Na karanta wasiƙun soyayya na ɗalibai goma sha ɗaya, duk sun fi nawa gaba gaɗi, wannan ya hana ni sukuni kwana biyu.

Akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a gari. A turminki nake dakan. Matan maƙwabta kan leƙo ta saman zana su ce sannu da aiki amarya, wata ta ce dakana ba lugude, ba zan yi auren fari da daraja ba. Na wanke turmin sau tara. Ina kyautata zaton daddawar farko da za ki daka za ta ɗan yi shuɗi, ta biyu kuma lafiya. Dije mai ƙosai ta daina amsa gaisuwata, wai na kwashe takardun unguwa ta rasa abin naɗi. Akuyar gidan baya ta cinye mini kamu biyu na bangon arewa tun yana ɗanye. Na ƙara toka da ruwan ganyen dogonyaro a kwaɓin, don ita da gara. Ta dawo ta lasa sau ɗaya, ta ɗago kai ta yi mini irin kallon da Kawu Lawali ya yi mini ranar da na zo neman aurenki.

Bango uku suka ƙare, ɗalibai suka tafi dogon hutu, buhuna suka zama wayam. Saura bangon gabas, inda gadonki zai tsaya. Na zauna kwana uku ina kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Littattafaina ne na kullum, arba'in da shida, shekara ashirin da uku ban tsallake rana ba sai ranar da aka yi mini aikin kaba. Na karanta su duka kafin in jiƙa, kamar yadda doka ta zama. Wayyo, Rahama! Ashe kafin ki zo rayuwata ba komai a cikinta sai yanayin sama da halin da cikina ya kwana. An yi rana. Na ci wake, bai karɓe ni ba. An yi rana. Shekara goma sha tara a haka! Sai ga wata Laraba, wata budurwa daga Gwandu ta shigo a yi mata kwafin takardar sakamako guda ɗaya, mai shago ya yi goma sha ɗaya yana cewa tawada ce ba ta fita, alhali ba ya son ta tafi ne. Daga wannan shafin rubutun ya zama kamar gulbi in ya cika ya shiga gonaki.

Na yanke sunayen Allah na kai wa Malam. Da na zo kan naki, na ɗaga taɓarya na kasa saukewa. Yaya zan daka Rahama? Da wane hannu? Na sake bin shafukan da almakashi. Sau dubu ɗaya da ɗari tara da shida na rubuta sunanki, suna nan a gwangwani daban, ban san abin da zan yi da su ba, kuma ina jin nauyin tambayar Malam. Sauran duk sun shiga bango. Inda za ki jingina kanki in kina ba yarinya nono, samartakata ce gaba ɗaya, da waken da komai.

Ranar Alhamis Inna ta turo Kawu Lawali ya duba, na san ya ba ku labari, amma ga nawa. Ya shuri bangon da ƙafa. Ya kankare shi da wuƙar yankan goro. Ya juye masa buta guda. Ya ƙyasta ashana uku ya kara, ba abin da ya kama sai yatsansa. Sannan ya ce zai kwanta a tabarma ya duba tsaga daga ƙasa, kuma bai farka ba sai da aka kira La'asar. Da ya tashi ya ce, "Wanga ɗaki na da sanyi. Ashe haukar taka ba duka ba ce, Basharu." Tun da na shigo danginku ban taɓa samun yabo irin wannan ba, na so in rubuta shi, sai na tuna ba ni da littafi.

Yana sa takalmi ya hango gurbin. Can sama da inda gado zai tsaya, akwai wuri kamar faɗin faifai da ban yaɓe ba, tubali a fili. Ya tambayi dalili, na ce takarda ce ta ƙare. Ya dubi jaridar da aka naɗo masa burodi a ciki, ya dube ni, ya ce shi dai abin da ya gani zai faɗa wa Inna: ɗaki bai ƙare ba.

Ƙarya na yi masa, hasken raina, kuma ke ba zan yi miki ba. Takardar da za ta rufe gurbin nan ba ta fi dunƙule biyu ba. Ko gobe na shiga Birnin Kebbi zan cika buhu. Kwana goma sha tara ke nan ina tsayawa gabansa kowace safiya in juya. Tsoro nake ji. Muddin gurbin na nan, in an tambaye ni ina iyali, sai in ce ai ɗaki ne bai ƙare ba. In na rufe shi, Asabar ta zo ta wuce, wata Asabar ta zo ta wuce, motar Gwandu ta sauke kowa ban da ke, me zan ce wa mutane? Me zan ce wa kaina? A waya kina tambayata ko na ci abinci, kina ce mini yarinya ta yi kaza, amma ba ki taɓa cewa yaushe za a gama ba. Na juya wannan a raina har ya gaji da ni. Shin sharaɗin Inna ne kaɗai, ko kuwa ke ma kin huta da mijin da ke rubuta ruwa maimakon ya tare shi? Na kai arba'in da ɗaya, furfura ta fito mini a gemu ta gefe ɗaya, ban iya hira ba, kuma yanzu duk Kalgo ta san ni da daka. In kin yi tunani, ba zan ce ba ki da hujja ba.

Amma ina roƙonki, ya ke ruwan da ƙasata ke jira, ya ke iskar da ke riga hadari isowa, ki faɗa wa Inna gaskiyar gurbin nan da bakinki, ni ba zan iya haɗa ido da ita ba. Ki ce mata babu kunamar da za ta hau can kafin Asabar. Na yi miki alkawari ɗakin nan ba zai yi yoyo ba. In ya yi, zan tashi in ɗauko tsani, ba biro ba. Zan saya miki sabon turmi. Zan shirya da Dije.

In amsarki a'a ce, ki rubuto mini ita da tsawo, a manyan takardu, gaba da baya, kada ki rage komai don tausayi. Zan karanta sau ɗaya, in jiƙa ta kwana bakwai, in rufe gurbin da ita, in zauna a ɗakin ni kaɗai ina kallonta har Allah Ya yi ikonSa. In kuwa e ce, kada ki ɓata ko layi ɗaya. Ki goyo yarinya ki hau motar safe ranar Asabar. Zan tanadi kwaɓin a roba, zan riƙe miki kujera ki taka, ki shafa dunƙule biyun nan da hannunki. Ko ya karkace, haka zan bar shi.

Ni ne naki, jiya da yau da duk ranakun da ba ni da sauran littafin rubuta su,

Basharu.